Neman Makanar Fatsa Wa Surukina, Daga Faisal Zuwa Bahar Maliya

Ana sallame sallar asuba muka kama hanya, ni da wani abokina, ranar Alhamis ɗin da ta wuce. Unguwarmu ta Hay el-Sabi' da ke Alƙahira a irin wannan lokacin kamar wani gari ne daban. Babu hayaniyar ɗalibai, babu ƙarar hon, sai masu gasa burodi da suka riga kowa tashi, da kuliyoyin da suka baje a saman motocin mutane kamar su suka saye su. Iska ta ɗan yi sanyi, irin wanda ke zuwa idan zafin Masar ya fara sauka. Unguwar Faisal muka nufa, gidan surukaina, kuma abin da ya fito da mu abu ne da ban taɓa zaton zan katse barcina dominsa ba, wato sayen injin naɗe zaren fatsa, wanda Misrawa ke ce wa makana.

Sai na ɗan koma baya kafin ku gane dalili. Surukina haifaffen Bur Sudan ne. Kakanninsa daga ƙasar Haɗeja suka taso da ƙafa da niyyar aikin Hajji, suka iso bakin teku, zama ya kama su a nan. Hausarsa tsohuwar Hausa ce mai gauraye da Larabcin Sudan, wani lokaci sai na saurara da kyau nake kama zancen. Tun yana saurayi yake su a Bahar Maliya, kuma da zare a hannu yake kamun, babu sanda babu makana. Da girma ya zo ya koma wurin babban ɗansa a Omdurman, yaƙi ya taso su, suka yi ta tafiya har Allah ya sauke su a wani ɗan gida a hawa na huɗu a Faisal. Ba su yi shekara ba shanyewar ɓarin jiki ta same shi. Allah ya sa da sauƙi, ƙafa ta dawo, magana ta dawo, amma hannun dama bai dawo daidai ba. Yatsun ba sa rufewa sosai, babban yatsan kuwa kusan ba ya jin magana.

Wata biyar ke nan bai sauko daga benen nan ba sai in asibiti za a je. Likita ya ba shi ƙwallon roba ya riƙa matsawa, ya jefa ta bayan kujera. Mutumin da in ya fara hira sai an roƙe shi ya bari a ci abinci, ya koma daga amsa gaisuwa sai kallon bango. Uwargida tana dawowa daga gidansu idonta jawur. Rannan ne ta ce mini abu ɗaya ya rage da ke sa shi ɗaga murya: idan an sayo kifin Nilu a kasuwa, sai ya duba ya ce wannan ba kifi ba ne, tabo ne aka yi wa ƙaya. Daga nan tunanin ya zo mini. Hannunsa ba zai iya jan zare kamar da ba, amma ai akwai makana. Sau uku ina kai masa maganar. A na ukun ya ce, "Mu je in gani, amma ban ce zan saya ba."

Shi ya sa muka yi sammako, kada rana ta fito ya canja shawara. Abokin nawa mutumin Damagaram ne, maƙwabcina, tare muke karatu. Bai taɓa kama ko ɗan ƙaramin kifi ba a rayuwarsa, amma sati biyu ya yi yana kallon masu su a waya, don haka tun a cikin mota ya ɗauki matsayin malami. Ƙaramar bas muka shiga zuwa Ramsis, daga can jirgin ƙasa na ƙarƙashin ƙasa zuwa Faisal. Kuɗin mota ya ƙaru kan yadda na sani watanni kaɗan da suka wuce, kuma kamar kullum, fasinja ne ke tara kuɗin daga baya ana miƙawa hannu zuwa hannu har ya isa wurin direba, canji ya dawo ta hanyar da ya bi ba tare da ya yi ciwon kai ba. Shekarata shida a garin nan, har yau abin yana burge ni.

Faisal ba ta barci sosai. Ƙarfe bakwai ba ta yi ba amma babban titin ya cika, ƙananan bas suna tsayawa inda suka ga dama, masu keke uku suna kutsawa lunguna kamar ɓeraye. A layin surukaina sai ka rantse Sudan kake: ƙamshin turaren wuta, mata da lafaya, shagunan da ke sayar da busasshiyar kuɓewa da garin kisra, wato fanken Sudan mai faɗi. Mun tarar da surukin nawa, Baba, ya shirya tsaf, farar jallabiya da rawani, yana zaune a bakin gado, hannun daman yana cikin aljihu. Surukata ta kawo mana shayi da madara da zalabiya, wani soyayyen ƙullin fulawa, mai zafi. Muna ci abokina ya duba waya ya sanar da mu cewa shagunan kayan su ba sa buɗewa sai wajen sha ɗaya. Baba ya dube ni, ya dubi agogon bango. Awa uku da rabi muka zauna muna jiran Alƙahira ta farka.

Tasi muka ɗauka zuwa tsakiyar gari saboda ƙafarsa. Direban ya ce hanyar da aka saba ta cushe, ya zagaya da mu ta gefen Zamalek, inda bishiyoyi suka rufe titi, 'yan sanda suna gadin ƙofofin ofisoshin jakadanci, komai shiru kamar an hana magana. A kan gada muka ga wasu mutum uku sun jingina dogayen sanduna a jikin ƙarfe suna jiran kifi. Baba ya juya wuya yana kallonsu har muka wuce. Shi ne karo na farko da na ga ya bi wani abu da kallo tun da ya kwanta ciwo.

Shagon yana cikin wani lungu da ba shi da nisa da kasuwar Ataba, tsakanin mai sayar da fitilu da mai gyaran agogo. Ƙarami ne, amma sanduna sun cika rufinsa kamar rumbun kara, bango kuma duk ƙugiyoyi ne da dalma da kifayen roba masu launi-launi. Mai shagon dattijo ne, mutumin Suwais, tabarau na rataye a wuyansa da igiya. Tambayar farko da ya yi mana ita ce, Nilu za mu ko teku? Da na ce teku, sai ya share rabin abin da ke kan teburin gefe guda. Ya ce waɗannan na ruwan daɗi ne, sun fi araha, amma gishiri zai cinye cikinsu kafin wata uku. Ya ɗauko wata tsohuwa daga ƙarƙashin tebur ya nuna mana, ta yi tsatsa ta ƙame, ko motsi ba ta yi. Ya ce ta teku dole jikinta ya zama wanda ba ya tsatsa, a kuma toshe duk wata kafa da ruwa zai shiga, shi ya sa kuɗinta ya ninka.

Ni dai tun daga gida na riga na yanke abin da nake so. Na ji labarin akwai mai aiki da batir, wadda maɓalli kawai za ka danna ta naɗe zaren da kanta. A ganina magana ta ƙare: mutum hannunsa ba lafiya, ga injin da ba ya buƙatar hannu. Gaskiya kuma akwai ɗan son a ce surukin Baba ya sayo masa mai tsada. Mai shagon ya sauko da ita daga can sama, ya kakkaɓe ƙura, ya haɗa waya, ya danna. Ta yi ƙara kamar injin markaɗe. Da ya faɗi kuɗinta na ga ya fi ƙarfin aljihuna, amma na daure. Baba ya daɗe yana kallonta, sannan ya ce da ni, "Malam, in ita za ta kama kifin, ni me zan je yi? Sai ku kai ta tekun ita kaɗai, ku dawo ku ba ni labari." Mai shagon bai ji Hausa ba, amma ya gane, ya mayar da ita inda ya ɗauko.

Nan abokina ya samu fili. Shi tun a hanya yake yabon mai ganga, wadda ke zama a saman sanda, zaren yana naɗe a jikin wata ganga da ke juyawa. Ya ce ita ce ta manyan masunta, ita ke ɗaukar zare mai yawa, ita ke jan kifin da ya kai girman ɗan akuya. Mai shagon ya ce duk gaskiya ne. Abin mamaki, Baba ma ta kwanta masa. Ya ce ya sha ganin irinta a jiragen baƙi da ke zuwa Bur Sudan, kuma abu ne mai ƙarfi, ba wasan yara ba. Ya fito da hannun daman daga aljihu, ya karɓa.

Mai shagon ya ɗaura ta a sanda, ya ƙulla dalma a bakin zaren, ya yi bayani. Idan ka saki makullin, ganga za ta juya dalma ta sauka, kai kuma ka ɗora babban yatsa a kan gangar kana rage mata gudu, da zarar dalma ta taɓa ƙasa ka danne. In ba ka danne ba, gangar za ta ci gaba da juyawa zaren ya cukurkuɗe. Baba ya riƙe sandar da hagu, ya ɗora yatsan dama, ya saki. Dalma ta faɗi ƙasa tim, yatsan bai danne ba, ganga ta yi ta gudu, zare ya tashi ya harhaɗe kamar sheƙar tsuntsu. Akwai wasu masu saye biyu a shagon, duk suka juyo. Ba wanda ya yi dariya, amma shirun ya fi dariyar ciwo. Baba ya ajiye sandar a hankali, ya mayar da hannun aljihu, ya ce, "Yalla, mu tafi gida." Ya fita.

Ban san yadda zan kwatanta muku abin da na ji ba. Ni na matsa masa ya sauko daga bene, ni na kawo shi gaban baƙi aka ga abin da wata biyar yake ɓoyewa. Na bi shi waje na tarar ya zauna a kujerar wani mai shayi da ke kallon shagon, yana duban ƙasa. Na ce, "Baba, a yi haƙuri." Ya ce, "Ba laifinka ba ne. Nemo mana mota." Na tsaya a bakin lungun ina ɗaga hannu, a raina ina addu'ar kada tasi ta zo da wuri, don ban san me zan ce wa uwargida ba.

Da na waiwayo sai na ga mai shagon ya fito, ya ja kujera ya zauna kusa da shi, ya ce a kawo shayi biyu. Ya miƙa masa hannu suka gaisa, kuma na lura bai saki hannun da wuri ba, ya riƙe yana ta jero gaisuwa irin ta Misrawa wadda ba ta ƙarewa. Daga baya ne na gane auna ƙarfin yatsun yake yi. Bai yi maganar makana ba sam. Tambayarsa ya yi, a wajenku can kudu wane kifi ya fi wahalar kamawa? Baba ya amsa a gajarce. Ya sake tambaya, da me kuke yi masa koto? Amsar ta ɗan ƙara tsawo. Kafin shayin ya huce, Baba yana zana masa yadda duwatsun ƙarƙashin ruwa suke da yatsan hagu a kan tebur. Tasi biyu suka tsaya, na sallame su.

Can mai shagon ya tashi ya shiga ciki, ya ɗan jima, ya fito da sanda da wata makana daban, irin wadda ke rataye a ƙarƙashin sanda, bakinta a buɗe, da wani siririn ƙarfe lanƙwasasshe da ake ɗagawa zare ya zuba. Ita wannan abin da zaren ke naɗe a kai ba ya juyawa lokacin sauka, don haka babu ruwanta da babban yatsa. Yawanci mariƙinta a hagu yake zuwa. Shi kuwa ya kwance shi ya mayar dama, ya cire ɗan ƙaramin kan mariƙin ya sa wani mulmulalle mai girman lemon tsami, wanda tafin hannu zai iya turawa ko yatsu ba su rufe ba. Ya ce, "Ya Hajj, ba sayar maka zan yi ba. Sabuwa ce ta zo mini, ina son ra'ayin wanda ya san teku."

Baba ya san dabara ce, mu ma mun sani. Amma ya karɓa. Ya riƙe sandar da hagu, ya ɗaga ƙarfen, dalma ta sauka ta tsaya, zare bai ce komai ba. Ya ɗora tafin dama a kan mulmulallen ya tura. Zagayen farko da ƙyar, na biyu ya kuɓuce, na uku ya tafi. Dalma ta taso daga ƙasa tana lilo har ta iso bakin sanda. Ya sake saukar da ita, ya sake naɗowa. Sannan ya miƙa manunin yatsansa na hagu ya taɓa zaren a gaban makanar, ya ce wa mai shagon ya ɗan ja dalmar. Da aka ja, ya gyaɗa kai. Abin da yake nema ke nan, ya ji motsin kifi a fatar yatsansa kamar yadda ya saba.

"Ta yi nauyi," in ji shi. "Akwai ƙanwarta?"

Daga nan ciniki ya bar hannuna. Muka koma cikin shagon, aka fito da girma uku, ya zaɓi ta tsakiya. Ya sa aka nuna masa birkinta, wato abin murɗawa da ke sa zare ya riƙa fita a hankali idan babban kifi ya fizga, ya ja da kansa ya ji ko yana fita sumul ko yana tsalle. Mai shagon ya kawo saƙaƙƙen zare na zamani, ya ce ya fi ƙarfi, Baba ya shafa ya ce wannan yanka yatsa zai yi, a ba shi na roba irin wanda ya sani. Ƙugiyoyi kuwa ɗaya bayan ɗaya ya duba su a hasken ƙofa. Kuɗin duka bai kai kashi ɗaya cikin biyar na mai batir ba. Abokina, don kada a ce ya janye, ya sayi mai gangar da kuɗinsa. Muka ci koshari a wani gidan abinci kusa da wurin, shinkafa da taliya da ƙananan waken adas da soyayyar albasa, abokina ya zuba ruwan barkono fiye da ƙima ya yi ta hawaye yana cewa tamam, wai komai daidai.

Ranar Asabar muka yi hayar mota, abokina ya ja, muka ɗauki Baba bayan asuba muka nufi Ain Sukhna. Titin faɗi ne da shi, sumul, ana biyan kuɗi a ƙofar shiga. Da ka bar gari sai sahara da manyan motocin kaya da gine-ginen da ba a gama ba, jere-jere, babu kowa a ciki. Tafiyar ba ta kai awa biyu ba. Sai ga duwatsu jajaye sun taso ta hannun dama, ta hagu kuma ruwa ya bayyana, shuɗi har da ɗaukar ido, jiragen dakon kaya suna tsaye can nesa suna jiran layin shiga mashigin Suwais. Baba ya ce a sauke gilashi. Iska mai gishiri ta shigo, ya rufe ido ya ja numfashi.

Mai shagon ne ya haɗa mu da wani mai ƙaramin jirgi mai inji. Kafin mu shiga sai da masu tsaron gaɓa suka karɓi takardun zamanmu suka duba, don haka duk wanda zai zo kada ya bar nasa a gida. Muka sayi jatan lande na koto a bakin ruwa. Na miƙa hannu zan taimaki Baba ya shiga jirgin, sai na ga ya riga ni, ya zauna daidai inda nauyi ba zai karkata ba. Ni da na zo taimako ni aka riƙe.

Abin da ya biyo baya ba abin alfahari ba ne a gare ni. Ruwan a kwance yake, mai jirgin ma ya ce yau teku kamar mai, amma minti ashirin da tashi cikina ya fara juyawa. Karin kumallon da na yi duk na mayar wa kifaye. Na kwanta a gefe na rufe fuska da hula, ina jin abin da ke gudana da kunne. Abokina ya saki dalmarsa da bismillah mai ƙarfi, ban ƙirga uku ba na ji ya ce innalillahi. Rabin safiyar nan a warware zare ya yi ta, Baba yana ba shi umarni daga inda yake zaune: ja wannan, saki wancan, kada ka yanke.

Shi kuwa Baba da haƙori da hannun hagu ya ƙulla ƙugiyarsa, ya soka koto, ya saukar. Ya ɗora yatsa a kan zare ya yi shiru kamar mai sauraron waya. Ba a jima ba ya ɗaga sandar da sauri, ya fara tura mariƙin. A hankali yake naɗowa, hannun yana kuɓucewa yana mayarwa, har kifin ya fito yana walƙiya, mai tsawon tafin hannu biyu. Ya ce sunansa sha'ur. Mai jirgin ya ce mashaAllah, Baba ya ce ƙarami ne. Kafin azahar ya kama huɗu.

Wajen ƙarfe ɗaya, na ɗan samu sauƙi na tashi zaune, sai sandar ta lanƙwashe har bakinta ya kusa taɓa ruwa. Makana ta fara kuka, zare yana fita. Baba ya dafe gindin sandar a cinyarsa, ya riƙe da hagu, jijiyoyin wuyansa suka tashi. Ya tura mariƙin, ya samu zagaye biyu, kifin ya ƙwace uku. Gumi yana bin gefen rawaninsa. Ban san lokacin da na matso na kai hannu kan mariƙin ba.

"Bari," ya ce, bai ko dube ni ba.

Na janye. Muka zuba ido, ni da abokina da mai jirgi, babu wanda ya ƙara motsi. Ya yi ta fama, yana samu yana rasawa, na kai wasu mintuna da ban iya ƙirgawa ba. Sai sandar ta miƙe tsaye lokaci guda, zare ya saki. Ya naɗo shi babu ƙugiya babu dalma, bakin ya gurje. Gabana ya faɗi, na tuna fitarsa daga shagon nan, na ce shi ke nan, yanzu zai ce a juya.

Ya duba bakin zaren, ya shafa shi da yatsa, sai ya yi dariya, dariya sosai har da tari. Ya ce, "Kifin nan najil ne. Ya shige rami ya goga zaren a dutse. Lokacin da nake da hannu biyu lafiyayyu ma sun sha yi mini haka, 'yan banza." Ya miƙo mini tafin hannu. "Ba ni wata ƙugiyar, babba."

Bai sake samun irinsa ba, amma ya ƙara sha'ur biyu, abokina kuma daga ƙarshe ya kama wani abu mai tsawon yatsa, ya sa na ɗauke shi hoto ta kusa don ya yi girma. Ni ban kama komai ba. Da la'asar muka fito, muka ba wani mai gashi a bakin hanya uku daga cikin kifin ya gasa mana da lemon tsami da wani kayan ƙamshi da suke kira kamun, muka ci da burodi. A nan na yarda da Baba, kifin teku daban ne.

A hanyar dawowa bai yi shiru ba ko na minti biyar. Mun ji labarin guguwar da ta taɓa kai su gaɓar da ba su sani ba, da yadda mahaifinsa ke gane wurin kifi da launin ruwa, da sunayen iskoki kala-kala. Muka shigo Alƙahira daidai lokacin cunkoso, daga bakin gari zuwa Faisal ya kusa cin abin da muka ci daga teku zuwa bakin gari. Ana kiran magariba muka isa. Shi ya hau benen da sandarsa a hannu, ni ina biye da kifi. Surukata ta buɗe ƙofa, ta dubi fuskarsa da rana ta ƙona, ta dubi jallabiyar da ta ɓaci da ƙarni, ta fara faɗa a kan wanki, amma muryarta tana rawa, ta juya ta shige kicin da sauri.

Ga wanda ya zo karanta wannan don ya san wace makana zai saya, abin da na koyo kaɗan ne. In teku za ka, sayi wadda aka yi don gishiri. Mai ganga tana da ƙarfi amma tana son gwanin yatsa, mai buɗaɗɗen baki ta fi sauƙi ga sabon shiga, mai batir kuwa a bar wa masu zurfin ruwa da zurfin aljihu. Amma abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne, na yi sati biyu ina tunanin abin da ya dace da surukina, na tambayi waya, na tambayi aboki, ban taɓa zama na tambaye shi me yake so hannunsa ya yi ba. Ni neman abin da zai hutar da shi nake yi, shi kuwa hutun ne ya ishe shi. Wani baƙo da bai san sunansa ba ya gane haka a gaisuwa ɗaya da kofin shayi.

Jiya da hantsi ina ɗakin karatu wayata ta yi ƙara, na ga lambar surukata, na fita da sauri ina tsoron ko wani abu ne. Muryarsa na ji. Ko gaisuwar kirki bai tsaya mun gama ba.

"Malam, Asabar mai zuwa kana da darasi?"

Ina da shi, har biyu. Na ce masa zan nemi izini.

"To ka nema," in ji shi. "Kuma kada ka ci komai da safe."